Filin Tambayoyinku: Filasta Da Zufar Bazara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Tunda watan Maris ya kama saƙonnin da ke shigowa wannan fili suka koma kusan kala ɗaya, wannan filasta ta ƙi zama a jikinsa, wancan kuma ta zauna har ta wuce gona da iri ta tafi da fata. Na tsinto wasu daga ciki na haɗa su wuri ɗaya tunda duk gindinsu ɗaya ne. Masu tambayar hawan jini da maganin tsutsar ciki ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum ba ma sa sunan kowa, gari kawai.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina wuni, ya zafi. Ni manomin shinkafa ne nan fadamar Suru, lauje ya yanke ni ga ƙwauri, ba wani babban yanka ba ne amma wurin bai son rufewa. Kullum da safe yarona shi sawo min filasta kemis in liƙa, kafin azahar ta ɓalle tana reto, wata rana ma ban san sa'adda ta faɗi ba sai dai in ga ƙuda sun taru. Na canza kemis duk ɗaya. Shin jabu ce aka saida muna ko mi? Kuma wani ya ce in bar wurin buɗe shi sha iska ya fi saurin warkewa, gaskiya ne? Daga manomi, Suru.

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ba da lafiya, ya sa albarka a noman rani. Jabu kam akwai ta a kasuwa ban musa ba, amma abin da ka faɗa ɗin nan ko filastar da aka sauke daga jirgi jiya ce haka za ta yi maka a ƙwauri, a fadama, a watan Afrilu. Bari ka ji abin da ke faruwa a ƙarƙashinta.

Gam ɗin da ke jikin filasta ba irin mai bushewa ya ƙame ba ne, kullum yana nan da laushi-laushinsa, in ka danna shi sai ya malala a hankali ya shige 'yan ramuka da layukan fata, to wannan haɗuwar jiki da jiki ita ce riƙon gaba ɗaya, babu wani sirri bayanta. Duk abin da ya shiga tsakani, ƙura ce, maiƙo ne, gashi ne, ruwa ne, riƙo ya ragu. Je ka tsaya wurin mai faci ka gani, ba ya taɓa shafa sholisho a tub mai lema, sai ya goge ya kankare ya bari ya sha iska, shi kuma tub da zarar ya bushe shikenan ya bushe. Fata fa? Ita daga ciki take kawo nata ruwan. Jikin mutum na da ƙofofin zufa tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kuma mai aikin ƙarfi a rana irin tamu ta Kabi da ma'aunin zafi ke haye 40 yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya, wani ma fiye.

Sai ka zo ka rufe waɗannan ƙofofi da filasta. Zufar ba fasa fitowa za ta yi ba, taruwa take a ƙarƙashi tana ɗaga gam ɗin kaɗan-kaɗan, ga maiƙon da fata ke fitarwa yana shiga cikinsa yana kashe masa kaifi, ga saman fatar ita kanta ta jiƙe ta yi fari ta yi laushi. Gobe in ta faɗi ka ɗauka ka duba cikinta da kyau, za ka ga wani fari-fari ya lulluɓe gam ɗin, in ka taɓa ba ya kama yatsa. Matattun ƙwayoyin saman fatarka ne, wato sau da yawa ba gam ɗin ne ya saki ba, abin da ya kama ne ya ɓanɓaro ya biyo shi. Ƙara da duƙawa da miƙewa na yankan shinkafa, fata na jawuwa tana komawa, ƙyallen filasta ba ya jawuwa, sai gefe ya buɗe taɓo ya samu hanya.

Ita wannan filastar ta naɗi mai ƙyalle da ake yanka muku a kemis tsohuwar fasaha ce ƙwarai, danƙon roba ne aka cuɗa da farar hodar zink da ƙaron wani itace na ƙasashen sanyi, tun 1901 kamfanin Beiersdorf na Hambug a Jamus ya fito da irinta da sunan Leukoplast. Cizonta na farko da ƙarfi, amma ba ta barin fata ta yi numfashi sosai. Na baya-bayan nan gam ɗinsu akirilik ne, a kan takarda mai taushi ko wata siririyar leda wadda tururi ke ratsawa amma ruwa ba ya shiga, irin wadda ake rufe allurar ƙarin ruwa da ita a manyan asibitoci. Shi akirilik da farko kamar bai kama ba, sai ya yi awanni riƙon ke ƙaruwa. Sun fi tsohuwar kam, amma tururin da suke iya fitarwa ba ya kamo zufar mai yankan shinkafa da tsakar rana, mai kwance a gado ƙarƙashin fanka suka fi yi wa aiki.

Don haka ni shawarata Baba ka daina neman filastar da ta fi wata ƙarfi, ka canza dabara. Wanke ciwon da tafasasshen ruwa da ya huce, gefe-gefen kuma da sabulu, ka tsane fatar sosai da tsumma mai tsabta har ka ji ba sanyi-sanyi. Kar a shafa basilin ko man kaɗanya a inda gam zai zauna, hoda ma haka. In akwai gashi a rage da almakashi, ban da reza, reza na barin ƙananan yanka da ido ba ya gani. Ɗora farin ƙyallen nan mai raga-raga na wankin ciwo, in za ka sa filasta yanke kusurwowinta su yi da'ira don daga kusurwa take fara ɗagowa, kar ka ja ta ka miƙar lokacin liƙawa, shimfiɗa ta kawai ka dafe da tafin hannu kamar minti ɗaya, ɗumin hannu na taimaka wa gam ya kwanta. Kuma ka yi wannan da dare bayan wanka ko da asuba kafin jiki ya fara jiƙewa, ba sai ka isa gona kana naso ba. Sannan, wannan shi ne babba, ka naɗe saman da bandeji mai miƙewa, shi ba ruwansa da gam balle zufa ta kada shi. Kar dai a ɗaure tam, yatsa ya iya shiga ƙarƙashi, kuma kar a taɓa zagaye ƙafa da filasta ta haɗe baki, in ƙafar ta kumbura za ta shaƙe jini. Ka dawo daga gona ka tarar ya jiƙe ko ya yi taɓo, canza nan take, jiƙaƙƙen bandeji ya fi babu muni. In da hali ma ka bar shiga ruwa na 'yan kwanaki, yara su yi.

Maganar a bar shi ya sha iska kuwa, tsohuwar magana ce kuma har likitoci sun daɗe a kanta, sai a 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu ya ga raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi sabuwar fata ta fi saurin rufe shi fiye da wanda aka bari ya yi ɓawo, kusan ninki biyu. Ka ga wahalar kenan, cikin ciwon ana son danshi kaɗan, fatar da ke kewaye ana son ta bushe, duk a ƙarƙashin abu ɗaya. Kai kuma da kake cikin ƙuda da ruwan fadama, barin shi buɗe ba shawara ba ce sam.

Abu biyu da suka fi filastar damuna. Yankan lauje a ƙasar gona, an yi maka allurar tetanus? In ba a yi ba ko ka manta yaushe rabonka, je asibitin da ke kusa yau ba gobe ba. Kuma in ciwon ya kai mako biyu bai fara haɗewa ba, ko ya fara mugunya, wari, zafi da kumburi na hawa sama, ko zazzaɓi, a duba shi a kuma auna maka suga.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Innata ce tsohuwa aka kwantar asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, ranar sallama da aka fizge filastar hannunta wallahi sai da ta taho da fata, wurin ya yi ja yana ruwa kamar ƙuna. Shi kuma ɗana ɗan shekara bakwai duk sanda na liƙa mishi filasta sai wurin ya yi ja da ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje, daidai girman filastar kamar an zana. Gado ne ko jininmu ne bai son filasta? Daga wata uwa, Jega.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ba abu ɗaya ba ne ya same su, kowa da nasa.

Na Inna yagewa ce. Saman fata, wanda gam ke kamawa, jeren matattun ƙwayoyi ne kamar hawa 15 zuwa 20, kaurinsa bai ko kai na silin gashi ba. Duk filastar da aka cire sai ta tafi da wani abu daga ciki, a jikin matashi ba a ma lura. Amma in mutum ya tsufa fatar na sirancewa, haɗin da ke tsakanin samanta da ƙasanta na yin rauni, har ya zama gam ya riƙe saman fiye da yadda jikin ya riƙe shi, to in aka fizga wanda ya fi rauni shi zai saki. Haka jarirai musamman bakwaini, haka masu kumburin jiki, haka, ku yi haƙuri mata sai na faɗa, masu shafa man bilicin, da yawansu akwai sinadarin siteroyid a ciki mai cinye kaurin fata. In zufa ta jiƙa wurin tukuna abin ya fi sauƙin faruwa. Matsalar ta yi yawan da ƙwararru a Amurka suka zauna musamman, a 2013 suka fitar da ƙa'idojin kauce mata, don haka ba sakacin ƙauye ba ne kawai, ko'ina ana fama.

Fizgewar nan ta "bari in cire da sauri kar ya yi zafi" ita ce babbar ɓarna. A ɗaga gefe ɗaya, a kwantar da filastar baya ta bi jikin fata, ba a ɗaga ta sama tsaye ba, a ja a hankali ta inda gashi ya kwanta, yatsan ɗaya hannun yana danne fatar daidai inda take rabuwa. In ta ƙi, a ɗiga man gyaɗa ko man zaitun a bakin gam ɗin a jira minti biyu uku, gam ɗin roba na sakin jiki in ya ji mai. Kuma kina da ikon ce wa ma'aikaci don Allah a bi a hankali fatarta ba ƙwari, ba rashin kunya ba ne.

Yanzu wurin da ya yage kar a sake ɗora masa wani gam. In akwai 'yar fatar da ta ɗago a mayar da ita a shimfiɗe, a sa ƙyallen asibiti mai basilin wanda ba ya manne wa ciwo, a naɗe da bandeji. Nan gaba in za a sa mata wani abu ku nemi filasta mai gam ɗin silikon. Wani kamfanin Siwidin, Mölnlycke, ya fara fito da irin wannan wajajen 1990. Silikon laushi gare shi ƙwarai, nan take yake kwanciya cikin layukan fata, kuma in an ɗaga shi ba ya kwaso ƙwayoyin fata da yawa, har ana iya ɗagawa a duba a mayar. Aibinsa tsada, ba kowane kemis ke da shi ba sai manyan famasi, sannan riƙonsa bai kai na sauran ba, abu mai nauyi ko jiki mai yawan zufa yana iya sulluɓewa. Abin da ake ta fama da shi kenan a wannan sana'a, mai tausayin fata ba ya jure zufa, mai jure zufa ba ya tausayin fata.

Na yaronki kuma alamar jikinsa ne ba ya shiri da wani abu a cikin gam ɗin, galibi ƙaron nan da na ambata a amsar farko ko ita robar kanta. Shaidarsa ita ce wadda kika faɗa, zanen filastar sak, da ƙaiƙayi, yakan fito bayan kwana ɗaya ko biyu kuma kowane karo sai ya dawo. Ƙurajen zafi ma na fitowa ƙarƙashin filasta amma su in wuri ya sha iska suke bajewa. Ki daina sa masa ta ƙyallen, ki koma ta takarda ko bandeji zalla, kuma duk asibitin da kuka je ki faɗa tun kafin a liƙa.

TAMBAYA: Oga Malam, mu nan gareji in ƙarfe ya yanke mutum supa gulu muke ɗigawa, ko mu naɗe da baƙin salatif na waya, kuma wallahi yana riƙewa ko ana zufa. Wani ya ce ai likitoci ma da shi suke aiki. To mi ye laifi? Daga bakanike, Birnin Kebbi.

AMSA: Maigida, wanda ya gaya maka ya faɗi rabin gaskiya. Supa gulu ba ya tsoron zufa don shi lema ce ma ke sa shi ƙamewa, shi ya sa yake haɗe yatsu cikin daƙiƙu. Wani Ba'amurke Harry Coover ya ci karo da sinadarin a 1942, aka fara sayar da shi a 1958, kuma an yi amfani da danginsa wurin tsayar da jinin sojoji a yaƙin Biyetnam. Amma wanda likita ke rufe yanka da shi yau, irin su Dermabond da Amurka ta amince da shi a 1998, ɗan'uwansa ne ba shi ba ne, an canza ginin sinadarin don ya yi laushi ya bi motsin fata kuma kar ya yi saurin ruɓewa ya saki abin da ke ƙona nama. Shi ma sai a yanka mai tsabta, miƙaƙƙe, marar zurfi, bayan an wanke, a haɗa baki a shafa a sama ba a ciki ba, ya faɗi da kansa cikin kwana 5 zuwa 10.

Naku na gareji fa, hannu duk baƙin mai da tsatsa, ka ɗiga gulu ka rufe dattin a ciki inda iska ba ta shiga, wurin da ƙwayar tetanus ta fi so kenan. Kuma kar ka kuskura ka haɗa shi da auduga, supa gulu in ya taɓa auduga zafi yake ɗauka har ya ƙona fata. Baƙin salatif kuwa ba a yi gam ɗinsa don jikin mutum ba kuma ko tururi ba ya fita, cire shi da yamma ka ga yadda yatsan ya yi fari ya yamutse. Ku haɗa kuɗi ku ajiye sabulu, ruwa mai tsabta, ƙyallen ciwo da bandeji a cikin wata roba mai murfi a garejin, bai kai kuɗin fulogi biyu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne a jami'a nan Aliero, ina shekarar ƙarshe. Ina son in yi furojet ɗina a kan haɗa gam ɗin filasta da ƙaro namu na gida wanda zai jure zufa kuma bai cutar da fata. Malamina ya ce in fara binciko inda duniya ta kai. Shin abin zai yiwu ko ɓata lokaci ne? Daga ɗalibi, Aliero.

AMSA: Ƙanena wannan tambayar ta yi min daɗi, kuma ba ɓata lokaci ba ne in ka san me kake nema tun farko. Ƙaron dakwara shi kaɗai ba zai yi ba, kar ma ka wahalar da kanka, narkewa yake a ruwa, in ya bushe kuma ya ƙame ya farfashe, zufa kuwa kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ce. Amma wannan son ruwan nasa da kake gani kamar aibi, nan amfaninsa yake.

Ka nemi abin da ake kira haidurokoloyid ka karanta, irin su DuoDERM da suka fito farkon shekarun 1980. Dabarar ita ce a ɗauki danƙo wanda ba ya shiri da ruwa, shi ne mai riƙon, a barbaɗa garin abubuwa masu shan ruwa a cikinsa, fektin, jelatin da wani sinadarin selulos. Zufa ta fito, garin ya shanye ta ya kumbura, fuskar gam ɗin ta samu ta ci gaba da taɓa fata. Za ka ga filastar ta yi fari ta kumbura a tsakiya, alamar ta ƙoshi kenan, daga nan sai gefe ya fara naɗewa. Kafin su ma, tun shekarun 1960 ana amfani da ƙaron karaya wurin manna jakar bahaya a fatar cikin waɗanda aka yi wa aikin hanji, wurin da kullum a jiƙe yake. Karaya daga Indiya aka fi kawo shi, amma itacen ɗan'uwan kukkuki ne namu na daji, Senegal ma na fitar da ƙaron kukkukin zuwa waje. Shi ba ya narkewa kamar na dakwara, kumbura yake ya riƙe ruwan. Ni da ni ne kai, nan zan dosa, in gwada garin ƙaron kukkuki da na dakwara a cikin danƙo, kashi kaɗan zuwa kashi mai yawa, in ga a ina shan ruwa ya fara cinye riƙo.

Inda duniya ta kai kuwa, yawancinsu wurin halittun da ke manne a jiƙe suka je koyo. Tun 1981 Herbert Waite ya gano sinadarin DOPA a zaren da ƙumbar teku ke kama dutse da shi cikin igiyar ruwa, har yau ana ta kwaikwayonsa. A 2017 ɗakin binciken David Mooney a jami'ar Harvard ta Amurka suka fito da gam da suka koya daga majinar wata katantanwa marar kwanso, hawa biyu ne, na ƙasa ya kama nama na sama ya shanye jijjiga, suka manna shi a zuciyar alade jina-jina ya zauna. A shekarar dai wasu a Koriya ta Kudu suka yi faci mai ƙananan kofuna irin na hannun halittar tekun nan mai hannu takwas, shi tsotsa yake ba gam ba. Wanda ya fi burge ni na Xuanhe Zhao ne na jami'ar MIT ta Amurka a 2019, busasshen salatif mai fuska biyu da suka ɗauko dabararsa daga yadda gizo-gizo ke kama ƙwari a cikin lema, da ya taɓa jiƙaƙƙen nama sai ya fara zuƙe ruwan wurin tukuna sannan ya ƙulla, cikin daƙiƙa 5. Ka lura da kyau, na Harvard da wannan don aikin cikin jiki aka fi nufinsu, huhu, hanji, zuciya, inda ba a damu da a cire gobe ba. Filastar ƙwauri kuwa dole a cire ta, kuma ruwan ba sau ɗaya yake zuwa ba, wuni yake yana ɓulɓulowa, duk abin da ke sha zai ƙoshi.

Shi ya sa wasu suka ce to a ba zufar hanya ta wuce. A 2021 wata tawagar MIT ɗin ta yi siririn faci mai na'urorin auna jiki, suka huda shi da ƙananan ƙofofi kwatankwacin na zufa, aka liƙa a wuyan hannu da goshi mako guda, ana gudu a kan inji ana cin abinci mai yaji, bai ɗago ba. Ɓangaren cirewa kuma, a 2012 Jeffrey Karp a birnin Bostan na Amurka ya yi filastar jarirai mai hawa uku, in ka ja sai bayanta ya rabu ya bar gam ɗin a fata, a murje shi da yatsa a hankali. A ganina wanda zai ci wannan kasuwa a ƙasa mai zafi irin tamu ba mai gam mafi ƙarfi ba ne, wanda ya haɗa sha da fitarwa ne a farashin da mai kemis na Aliero zai iya sarowa. Yawancin waɗancan a ɗakin bincike aka nuna su, kar ka je famasi nema.

Gwajin da za ka iya da kayan makaranta: haɗa zufar gwaji, gishiri kashi 0.5 cikin 100, sinadarin laktik 0.1, yuriya 0.1 a ruwa. Liƙa samfurinka a farantin ƙarfe mai santsi da kuma fatar akuya sabuwa daga kwata, busassa da jiƙaƙƙa, ka auna ƙarfin da ake buƙata a ɓanɓare shi a kwance da a tsaye, bayan minti kaɗan da bayan awa 24. Rufe bakin ƙaramin kofi mai ruwa da shi, ajiye a zafin jiki, digiri 37, ka auna nauyin da ya ragu a kwana, wannan ne zai gaya maka ko yana numfashi. Ka kuma maimaita a zafin 40 zuwa sama, wannan ne namu, kuma nan aikinka zai bambanta.

Abin da ban yarda ba shi ne ka liƙa wa abokanka na hostal, balle a kan ciwo. Ƙaro daga daji yake, akwai ƙura da funfuna da ƙwayoyin cuta, kuma shi kansa karaya akwai waɗanda jikinsu ba ya so. Duk abin da zai taɓa fatar mutum akwai jerin gwaje-gwaje na ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 10993, a ga ko yana kashe ƙwayoyin jiki, ko yana sa kumburi, ko jiki na ƙin sa bayan an maimaita, sannan izinin kwamitin ɗa'a na bincike, sannan NAFDAC kafin a kai kasuwa. Furojet ɗinka ya tsaya a ƙarfe da fatar akuya, ya isa ya ba ka maki.

TAMBAYA: Malam ni mai kemis ne a Kamba. Filastar da na saro tun kafin azumi yanzu wata ta narke tana kama hannu, wata kuma ta bushe ko kama ba ta yi, kwastoma na ta dawowa da ƙorafi. Kamfani ne ko ni ne? Daga mai shago, Kamba.

AMSA: Alhaji, ina jin shagon ne. Gam ɗin roba zafi da hasken rana na lalata shi, da farko ya yi laushi ya tsattsafo ta gefen naɗin, daga baya ya ƙame ya mutu. Duba kwalin, yawanci an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi-sanyi ƙasa da digiri 25 ko 30, shago mai rufin kwano a Kamba kuwa ka fi ni sanin nawa yake kaiwa da azahar. Sauke su daga kantar sama kusa da kwano, cire su daga gilashin gaba da rana ke duka, sa su can ƙasa cikin kwalinsu, kuma a bazara ka riƙa saro kaɗan-kaɗan. Duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC tun a wurin dila. Waɗanda suka riga suka narke ko suka bushe zubar da su, narkakken gam shi ya fi barin datti da ƙaiƙayi a fata. Sannan al'adar nan ta yanko guntaye a manna a bakin kanta ana jiran mai saye, a daina, ƙurar hanya ta gama cinye gam ɗin kafin ya isa jikin kowa. A yanka a gaban mai saye da almakashi mai tsabta, a naɗa masa a leda.